Yadda ake hada kan hukumomin gwamnati su fuskanci kasa makwabciya da baki daya

Mu nan Bauchi bamu da boda da kowace kasa, Gombe ma haka, shi yasa in ana zancen huldar Najeriya da Nijar ko Kamaru wasu ke ganin ai wannan na 'yan Abuja ne da mutanen Katsina da Sakkwato. To ba haka bane fa. Shanun da ke gangarowa ta Maigatari da Potiskum su sauka a kasuwanninmu, buhunan gero da masara da ake lodawa a Tudun Hatsi ta Gombe ko a Azare a yi arewa da su, har ruwan kogin Jama'are da muke noman rani da shi, duk in ka bi sawunsu sai sun kai ka boda. Ga kuma kannenmu da ke samun aiki a ma'aikatu, wata rana kawai a ce an sa ka sakataren kwamitin da zai duba maganar Nijar, oga ya ce hada mana takarda kafin Litinin. Da ku nake magana, ku da daliban siyasa na Gadau da Kashere da gobe ku ne a kan wadannan kujerun.

Abinda zaka fara sa wa a ranka shine wahalar aikin nan ba a Yamai ko Yawunde take ba, a gida take. Tsarin mulki na 1999 ya sa harkokin waje da tsaro da kwastam da shige da fice duk a hannun gwamnatin tarayya, sashe na 19 kuma ya jera manufofin kasar a waje, a takarda kam komai a fili yake. Amma in makwabci ne, ma'aikatar harkokin waje da ke gidan Tafawa Balewa a Abuja daya ce kawai cikin masu hannu a ciki, kuma sau tari ba ita ce mai karfin ba. Kwastam na karkashin ma'aikatar kudi, imigireshin na karkashin ta cikin gida, soja nada nasu layin, ofishin mai ba shugaban kasa shawara kan tsaro nada nashi, ga ma'aikatar wuta da ke sayar wa Nijar lantarki, ga ta ruwa, ga ta sufuri da ke shimfida layin dogon Kano zuwa Maradi, ga hukumar kula da iyakoki ta kasa, ga gwamnoni bakwai da jihohinsu suka jingina da Nijar wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a bodar da ta kai wajen kilomita 1,500. Kowanne a cikinsu zai iya daukar mataki da safe wanda kafin la'asar ya zama manufar Najeriya a idon mutumin Maradi, ko jakada ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka aikinka na farko, kafin ka rubuta ko kalma daya ta shawara, ka zauna ka jera su. Sunan hukuma, me take rike da shi wanda ya shafi waccan kasar, wace yarjejeniya ta taba sa wa hannu, wa ke magana da takwaransa a can, da lambar wayar wanda da gaske yake daga waya, ba wadda ke jikin takardar ofis ba. Zaka sha mamakin yadda wata hukumar ke da alkawari da makwabci wanda sauran basu taba ji ba.

Sai abu na biyu, kuma nan ne akasari ake zamewa. A rubuta a shafi daya, daya tak, me muke so daga wannan makwabcin, kuma a jera su daga babba zuwa karami. Kowa zai ce ai a bayyane yake, tsaro da kasuwanci da zumunci, to amma in biyu suka yi karo wanne za a bari? Duba abinda ya faru a 2019. Ranar 7 ga Yuli shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka, kuma a Yamai ya sa hannun, sai ga shi a watan Agusta an rufe bodojin kasa gaba daya don hana fasa kwaurin shinkafa da makamai, ba a bude ba sai Disamba 2020 inda aka fara da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kowane mataki in ka dauke shi shi kadai yana da hujjarsa, manomin shinkafa a Dadin Kowa ko Gadau zai ce maka ya ga amfanin rufewar a aljihunsa kuma ba karya yake ba. Amma ka tsaya a matsayin dan kasuwar Konni ka kalli biyun tare, sati shida tsakaninsu, me zaka dauka Najeriya ke nufi? Wannan shafi dayan shi ke hana irin haka, don duk hukumar da ta zo da shawara sai a dora ta a kai a ga ko ta hau. Kuma dole mai gida, wato shugaban kasa, da kansa ya sa hannu a kai, in ba haka ba takardar wani darakta ce kawai, kowa zai karanta ya ajiye.

Daga nan ka yi lissafin wanda abin zai taba a gida, kuma ka kira shi kafin a yanke hukunci, ba bayan an yanke ba. A Nuwamba 2019 an hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga boda, niyyar a toshe wa 'yan sumoga hanya ce, amma mutanen garuruwan nan 'yan Najeriya ne, suna da injin nika da injin ban ruwa da babur da asibiti mai janareta, karshe suka koma hannun 'yan bumburutu. Da an zauna da shugabannin kananan hukumomin wajen da hakimai na awa biyu kacal da sun fadi haka tun kafin a buga sanarwa. Kiran nan ba wai neman izininsu ake ba, a'a, su ne suka san barauniyar hanya nawa ce tsakanin Jibiya da Dan Isa, su ne suka san wace rana kasuwa ke ci a kowane bangare, kuma in basu gane dalilin mataki ba su ne zasu fara karya shi. Ni a ganina kungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi da na direbobin manyan motoci ya kamata a ce suna da kujera ta dindindin a irin wannan zaman, ba sai motocin albasa sun rube a layi sannan a tuna da su ba.

To wa zai rike fayil din? Mutum daya. Ba kwamiti mai shugabanni biyu ba, ba a ce ma'aikatar kaza da hadin gwiwar ofishin kaza ba, don in aka ce na kowa ne to ba na kowa bane. A lokacin zaman lafiya ministan harkokin waje ne ya dace, in abu ya koma na bindiga galibi ofishin mai ba da shawara kan tsaro ke karba, duk wanda aka zaba dai a rubuta a sanar da kowa, kuma a rubuta ranar da zai mayar. A farkon 'yancin kai Sir Abubakar Tafawa Balewa da kansa ya rike harkokin waje kafin ya mika wa Jaja Wachuku a 1961, lokacin gwamnati karama ce mutum daya na iya ganin komai, yanzu kam ba zai yiwu ba sai da tsari. Kuma ka lura da wani abu da mutane ke mantawa game da 2023: ranar 26 ga Yuli da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum, Najeriya bata da ministan harkokin waje, bata da na tsaro, don ba a rantsar da ministoci ba sai 21 ga Agusta, ranar da Yusuf Maitama Tuggar dan Gamawa ya karbi ma'aikatar. Wato wa'adin sati daya da kungiyar kasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ba sojojin ranar 30 ga Yuli su mayar da Bazoum kan mulki, da rufe boda, da yanke wuta, duk an yi su kujerun nan babu kowa. A Satumba kuma aka kira jakadu gida, aka dauki sama da shekara biyu ba a tura sababbi ba. Ba ina cewa da akwai minista da komai ya canza bane, amma tsari mai kyau shine wanda ko kujera ta zama babu kowa an san wa ke rike da fayil.

Shi kansa mitin din yana da ka'ida. Kada ka yarda hukuma ta rika turo maka sabon mutum kowane zama, yau mataimakin darakta gobe wani yaro da aka ce je ka wakilce ni, wanda in an tambaye shi matsayin hukumarsa sai ya ce zai koma ya tambaya. A sa suna, mutum daya da mataimakinsa, masu ikon cewa eh ko a'a. A tura takardun kwana biyu ko uku kafin zama. In an samu sabani, misali kwastam na so a rufe ma'aikatar ciniki na so a bude, kada sakatare ya shafe sabanin da kalmomi masu dadi don kowa ya tashi yana murmushi, a rubuta shi baro baro, ga ra'ayi na daya ga na biyu ga abinda kowanne zai ci, a kai sama a yanke. Sabanin da aka boye a daki shi ke fitowa a jarida bayan sati biyu, kuma sai bango ya tsage kadangare ke samun wurin shiga, makwabcin ma yana karanta jaridunmu.

Kafin a furta wata barazana ko a yi wani alkawari, a kira lauyoyin ma'aikatar shari'a, a kuma leka majalisa. Sashe na 5 na tsarin mulki ya ce shugaban kasa ba zai kaddamar da yaki ba sai majalisun biyu sun amince a zaman hadin gwiwa, kuma ba zai tura soja fagen daga a waje ba sai da yardar majalisar dattawa, in ban da halin gaggawa, wanda shi ma dole ya nemi yardarsu cikin kwana bakwai. A 2023 wa'adin ECOWAS zai kare ranar 6 ga Agusta, ranar 5 ga wata majalisar dattawa ta zauna ta ce a bi hanyar sulhu, sanatocin arewa ma tun kafin nan sun fito sun ce basu yarda da yaki ba. Kaga kenan tun wa'adin bai cika ba Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ya riga ya gane gidan da ke mishi barazana kansa a rabe yake. Da an kirga kuri'un nan a boye kafin 30 ga Yuli da watakila an zabi wasu kalmomin daban. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniya da wata kasa bata zama doka a nan sai majalisa ta mayar da ita doka. Maganar Bakassi, yankin da muka yi takaddama da Kamaru a kansa, ta nuna haka, kotun duniya ta yanke hukunci ta ba Kamaru a Oktoba 2002, Obasanjo da Paul Biya na Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniyar mika shi a Greentree ta Amurka a Yuni 2006, sai ga majalisar dattawa a 2007 tana cewa ba a kawo mata ba. An dai mika yankin a Agusta 2008, amma wannan hayaniyar da an shigo da su da wuri da ba a yi ta ba.

Yanzu ga wanda ni na fi damuwa da shi. Duk matakin matsi da za a dauka, rufe boda ne, yanke wuta ne, hana jirgi sauka ne, a rubuta a takarda guda yadda za a janye shi: me makwabcin zai yi a sassauta, wa zai tabbatar ya yi, wace rana za a sake zama a duba, kuma me za a yi in bai yi ba. Rufewa minti biyar ce, budewa ita ce aiki, don da zarar an rufe sai girman kai ya shigo, kowa na jiran dayan ya fara. A 1984 an rufe boda sai 1986 aka bude. A 2019 wata goma sha shida. A 2023 an yanke wa Nijar wuta alhali wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga nan take samu, ECOWAS ta dage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, shugaba Tinubu ya ba da umarnin bude boda da mayar da wuta a watan Maris, Bazoum na nan a tsare, kuma tun 28 ga Janairu Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga kungiyar, ficewar da ta tabbata a Janairu 2025. Ita wutar nan kuma ba ciniki bane kawai, an dade ana kallonta a matsayin abinda ke rage wa Nijar kwadayin tare kogin Kwara kafin ya iso madatsunmu na Kainji da Jebba, ga shi kuwa suna gina madatsar Kandaji. In mutumin ma'aikatar ruwa na zaune a dakin da ake shawarar yanke wuta zai daga hannu ya fadi wannan, ko an bi ko ba a bi ba an dai ji. Makwabci ba kamar kasar da ke bayan teku bane, kamar wanda kuke katanga daya ne kwatar gidansa na bi ta kofarka, ko kun yi fada da safe in aka yi ruwa da dare sai kun fito tare da shebur.

Sai maganar baki. Mutum daya ke magana da yawun gwamnati, sauran su rike takardar da aka raba musu mai layi biyar ko shida, in dan jarida ya matsa su ce a tuntubi wane. Kuma a yi maganar da harshen da mutanen ke ji. A Disamba 2024 Tchiani ya yi hira da Hausa yana zargin Najeriya da hada baki da Faransa, kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye WhatsApp daga Damagaram har Misau, sanarwar Turanci daga Abuja bata isa inda wannan ya isa ba, sai da Nuhu Ribadu, mai ba shugaban kasa shawara kan tsaro a lokacin, ya fito a BBC Hausa ya mayar da martani sannan mutanen kasuwa suka ji daya bangaren. Don haka a kwamitinka ka tabbatar akwai mai Hausa mai kyau, da mai Faransanci don takardun hukuma, in ta Diffa ce ko arewacin Kamaru a samu mai Barbarci da mai Fulatanci, mu kam a Gombe da Bauchi bamu rasa su ba. Fassarar da aka ba wani ya yi a gurguje da daddare ta sha jawo rigimar da babu ita a asalin takardar.

Ko ana tsakiyar rikici kada a rufe kananan kofofi. Akwai hukumar hadin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971 mai ofis a Yamai, akwai hukumar tafkin Chadi tun 1964 a Njamena, akwai ta kogin Kwara, akwai dandalin gwamnonin yankin tafkin Chadi da aka fara a Maiduguri a 2018 inda na Borno da Yobe da Adamawa ke zama da na Diffa da na arewacin Kamaru. Irin wadannan wuraren injiniya da injiniya ke magana, likitan dabbobi da likitan dabbobi, kuma su ke rike zaren in manya sun daina gaisawa. Ga sarakuna da malamai. A Agusta 2023 tawagar Janar Abdulsalami da mai alfarma Sarkin Musulmi ta je karon farko bata ga Tchiani ba, Muhammadu Sanusi na biyu ya je ya gan shi, malamai karkashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka je suka zauna da shi, daga baya Abdulsalami ya koma ya ga Tchiani har da Bazoum. Amfani da irin wadannan bayin Allah daidai ne, amma da sharadi, a zauna da su kafin su tafi a gaya musu me za su iya alkawartawa da me ba za su iya ba, in sun dawo a sake zama a rubuta abinda suka ji a sa a fayil daya. In ba haka ba tawaga uku zasu je su dawo da labari uku, can kuma su zabi wanda ya fi musu dadi su ce ai haka Najeriya ta ce.

Jiha irin tamu fa, me nata a ciki tunda bata da ikon kulla yarjejeniya da wata kasa? Nata shine ta shiga dakin da hujja a hannu. Dauki madatsar Kafin Zaki da aka dade ana maganarta tun zamanin Shagari. Mu nan muna kallonta a matsayin noman rani da aikin yi ga matasa, kuma da gaskiyarmu, amma kogin Jama'are shi ke haduwa da na Hadeja su zama Komadugu Yobe, wanda a can kasa shi ne ma iyakar Najeriya da Nijar wajen Diffa kafin ya fada tafkin Chadi, kuma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da kasashen biyu suka hada, Komadugu Yobe na cikinta. Kenan duk ranar da aka tashi aikin nan da gaske mutanen Yobe da Borno zasu yi magana, na Diffa ma zasu yi, kuma gara jami'in ma'aikatar ruwa ta Bauchi ya zo da lissafin ruwan da za a rika saki a kowane wata tun kafin a tambaye shi. Ta daya bangaren kuma Najeriya ce a kasa, madatsar Lagdo ta Kamaru in aka bude ta Binuwai ke cika, an gani a 2012 an gani a 2022, madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa ta tare ruwan har yau babu ita, kuma Gongola da ta ratsa Bauchi da Gombe a Numan take shiga Binuwai. Sanarwar sakin ruwa daga Kamaru ta ma'aikatar harkokin waje take shigowa, ta wuce hukumar agajin gaggawa ta kasa NEMA, ta sauko jiha, ta sauko karamar hukuma, kafin ta isa kunnen mai unguwa. Ka zauna ka kirga kwana nawa takardar ke yi a kowane tebur, ka rage abinda zai ragu, ka kuma hada layin waya kai tsaye tsakanin masu kula da madatsun.

Bayan kowane zama, cikin kwana biyu, ka fitar da takarda mai gida hudu: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, an yi ko ba a yi ba. Zama na gaba da ita za a bude kafin a taba sabon batu, kuma hukumar da gidanta na hudu ya zauna babu komai sau biyu a jere sai sunanta ya hau teburin mai gida. Kwafi daya ya tafi ofishin jakadancinmu da ke can a ranar, kada jakada ya ji matakin kasarsa a rediyo, daya kuma ya tafi ofisoshin gwamnonin da abin ya shafa.